Sikelin Zibikwe

Kafin a ja layin titi na farko a Shikago,
a bakin kogin nan mai warin albasar daji,
kakata Zibikwe ce ke riƙe da sikeli.

Mijinta Bafaranshe, Etiyen, nasa littafi ne da alƙalami.
Ita ta san fatar karen ruwan da aka jiƙa don ta yi nauyi,
ta san wanda za a ɗaga wa ƙafa har ƙanƙara ta narke,
da wanda za a ba shayi a sallama.
Harshe uku ne a bakinta.
Na huɗun shiru, kuma ya fi tsada.

Sukarin itace cikin ɓawo, masara, busasshen kifi,
da su sojojin ganuwa suka ga bayan sanyi.
Littafin bai faɗa ba.

Da gari ya yi ƙiba sai ga takarda:
Potawatomi su nausa yamma.
Ta ɗaure tukunyar tagulla a keken doki,
ta bar sikelin a bakin ƙofa.

"Su auna," in ji ta,
"mu ga ko ƙasa tana hawa sikeli."