Dodon Hawa na Ƙarshe

Kwana goma sha ɗaya ina mutuwa a ƙofa guda,
a rumfar cajin Nafi'u, bakin kasuwar Auyo,
inda 'yan canjina ke sayen rabin batir,
in hadari ya rufe sola kuwa, sai haƙuri.

Na ƙetare dajin ƙaya, na kashe mayu tara,
na sayi sulke da zinaren da na tara tun shuka,
takobina ma har suna gare shi.
Amma Dodon Toka na zaune a hawa na ƙarshe,
kai uku, wutsiya kamar igiyar guga,
tari ɗaya zai yi, rabin jinina ya tafi.

Sagiru ya ce in afka masa tun bai miƙe ba.
Na afka. Ya shanye ni kamar kunun safe.
Ɗanliti ya ce laifin wayar ne, gilashin ya tsage,
tsagin ya bi ta daidai madannin garkuwa.
Haka ne. Sai dai Ɗanliti bai taɓa wuce hawa na biyu ba.

Baba Cindo mai dara, da ba a cinye shi ba tun ina goye,
ya leƙo ta kafaɗata, goro a kunci,
ya kalli mutuwata sau uku bai ce uffan ba.
A ta huɗu ya tofar, ya ce:
"Yaro, kai faɗa kake, shi kuwa ƙirga yake.
Ba ka ga sai ya ɗaga kafaɗar hagu yake hura wuta ba?
Ko kura tana da ƙafar da take ɗingisawa.
Koma ka mutu da gangan, kada ka zare takobi.
Mai koyon dara da asara yake biyan malami."

Na koma na tsaya kamar mutum-mutumin gonar shinkafa.
Sara biyu, sai wutsiya, sai ya ja numfashi.
Ashe nan ƙofar take, 'yar mitsitsiya kamar gurbin dara.
Sara ɗaya za ka yi ka ja baya.
Na biyun kwaɗayi ne, kowa ya san abin da yake buɗewa.

Goran magani uku gare ni, da can tun farko nake shanyewa.
Baba ya ce, "Wa ke fasa rumbu ranar girbi?
Bari sai kan tsakiya ya farka."
Mai warkar da ni na ɓoye ta bayan ginshiƙi.
'Yan korensa da ke saukowa kamar jan-baki a fadama,
na daina binsu ɗaya-ɗaya,
na bari suka taru, na watsa musu ƙasa.

Bayan la'asar ranar Laraba,
batir saura huɗu, tafin hannuna ya jiƙe,
Nafi'u ya bar lissafi, mai rake ya bar fiƙa.
Kan hagu ya faɗi. Na dama ya bi shi.
Na tsakiya ya buɗe ido, ƙasa ta dare,
na sha gora ɗaya, na ƙirga, na kauce,
na sha na biyu, na ƙirga,
kafaɗa ta ɗaga,
na sara.

Toka ta zuba. Rumfa ta ɗauki ihu har akuya ta tsinke.
Sunayen wasu mutane suka yi ta hawa allo,
ba wanda muka sani a ciki,
sai wayar ta ɗauke.

Baba Cindo ya ce, "To, me aka ba ka?"
Na ce ba komai.
Ya share ƙasa da tafin hannu a gindin tsamiya,
ya tona gurbi talatin, ya miƙo min tsinke goma sha biyu.
Kafin a kira magariba ya cinye ni sau biyar,
kuma har yau ban gano kafaɗar da yake ɗagawa ba.